Darasin Gawayi a Aji Biyar

Litinin, 13 ga Janairu, bayan la'asar

Yau na fara wa 'yan aji biyar babin kabon. Tun muna hutu nake juya yadda zan ɓullo masa, domin littafin ya rubuta shi kamar da manyan ɗalibai yake magana, ni kuwa yaran Rafin Marke gare ni, waɗanda rabinsu sai sun kai koko gonar rake kafin su zo makaranta. Daga ƙarshe cokali na ɗauka, da sukari a ƙullin leda, da kyandir. Na ɗora sukarin a wuta. Ya narke, ya yi ja, ƙamshi ya cika aji har Lantana ta ce alewa zan raba musu, sannan ya yi baƙi ƙirin. Na ce to wannan baƙin shi ne kabon, yana cikin sukarin tun yana fari, wuta ce ta kori sauran ta bar shi. Yana cikin rake, yana cikin tuwo, yana cikin itace, yana cikin duk abin da yake da rai.

Hafiza, yarinyar nan shiru-shiru ta bencin baya, ta ɗaga hannu, karon farko tun da na karɓi ajin. Ta ce ashe aikin Baffanta ke nan. Mahaifinta Jumare take nufi, Bafulatanin da shanunsa suka ƙare ya zauna bayan gari yana ƙona gawayi. Na ce ƙwarai kuwa. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Mijina Bashir ya dawo daga injin rake shi da ƙanensa Auwal, duk jikinsu ƙamshin mazarƙwaila. Na ba su labarin cokali, Auwal ya ce in na ƙara ƙona sukarin gidan nan a banza zai kai ni ƙara wurin Inna, mahaifiyarsu. Ya ɗauki 'yata Khairiyya a wuya ya zaga tsakar gida da ita.

Laraba, 15 ga Janairu, azahar

Jumare da kansa ya zo makaranta da gawayi cike da kwando, wai Hafiza ta ce Malama tana so. Ya tsaya bakin ƙofa, ya cire malafa, ya ƙi shigowa. Da ƙyar na shawo kansa ya gaya wa yara yadda yake yi: a jera itace, a lulluɓe da ciyawa da ƙasa, a bar 'yar kafa, in iska ta yi yawa toka za a kwasa. Yara suka yi ta dariyar Hausarsa, shi ma yana taya su. Kowa ya samu guntun gawayi ya rubuta sunansa a bango. Hedimasta Malam Sama'ila ya ce ni zan wanke bangon.

Juma'a, 17 ga Janairu, kafin masallaci

Ƙwallayen laka da tsinken tsintsiya. Na ce musu kabon hannu huɗu gare shi, kuma ba ya son zama shi kaɗai, sai ya kama ɗan'uwansa, wannan ma ya kama wani, har su yi sarƙa. Gajeriyar sarƙa ita ce iskar gas ta girki. In ta ƙara tsawo fetur, in ta ƙara kananzir, haka har kitse, har robar taya. Laka ta ƙare, sai na fito da su fili suka riƙe hannun juna. Malama Rosaline ta aji huɗu ta leƙo ta ce wannan kimiyya ce ko gaɗa. Hafiza ce ta haɗa sarƙar da ta fi ta kowa tsawo a kan benci, ta ce za ta kai wa Baffa.

Asabar, 18 ga Janairu, bayan magariba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auwal.

Da safe ya ɗaure mazarƙwaila a babur zai kai wa mai saye a Ikara. Masu zuwa gona ne suka gan shi ƙarƙashin kwalbatin hanya. Sara a wuya, sara a ka, hannunsa na dama da ya kare kansa da shi fata ce kawai ta riƙe shi. Babu babur. An ce mazarƙwailar na warwatse a titi, tururuwa ta rufe ta.

Bashir ne ya yi masa wanka. Bai yi kuka ba. Inna ta faɗi sau biyu. Khairiyya tana ta tambaya ina Baba Auwal.

Lahadi, 19 ga Janairu, hantsi

Bai yi kuka ba har yanzu.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan la'asar

Gida cike da masu gaisuwa. A zaure dattawa na addu'a, a bayan katanga samari na wasa adda, muna jin ƙarar dutsen daga madafa. 'Yan sa-kai suna shiga suna fita da bindigogin toka a kafaɗa.

Tambaya ɗaya ke yawo: wa ya san Auwal zai bi hanyar nan da sassafe? Wani ya ce ramin gawayin Jumare yana kallon hanyar. Wani ya ce an ga baƙi a wurinsa makon jiya. Baƙi kullum suna zuwa sayen gawayi, har daga Zariya. Amma kafin a kira azahar maganar ta tashi daga an ce, ta koma an sani.

Na samu Bashir shi kaɗai a ɗaki. Na ce masa mutumin nan ranar Laraba yana makarantarmu yana dariya da yara, 'yarsa a ajina take. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Murja, ki bar maganar maza."

Talata, 21 ga Janairu, azahar

Na koma aiki, zaman gidan ya gagare ni. Mun tara kunkunniyar kyandir a bayan faranti, yara suka dangwala yatsa. Da aka tashi na tsare Hafiza, na ce ta gaya wa Baffanta in ji Malama, ya kwashe su su tafi wurin dangi na ɗan lokaci, yau ba gobe ba. Ta ce to. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Laraba, 22 ga Janairu, magariba

Ba zan iya rubutawa ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, hantsi

An rufe makaranta. Ina zaune a madafa. In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Jiya da safe Hafiza ta kawo mini amsa. Baffa ya gode, amma ya sa wa rami wuta ba zai tafi ya bar shi ba, kuma shi bai yi wa kowa komai ba.

Muna tsakiyar darasi. Na tace ruwan farar ƙasa a kwalba, yara na hurawa da bututun biro, ruwan na komawa kamar nono, ina gaya musu numfashinmu ma ɗauke yake da kabon. Sai muka ji ihu daga bayan gari, da ƙarar babura. Malama Rosaline ta turo 'yan ajinta cikin nawa, muka tura ƙofa muka tokare da benci. Tagarmu ta ƙarfe ta daɗe da lanƙwasa, ba ta rufuwa duka. Ta nan na gani.

Da igiya suka ɗaure ƙafafunsa a bayan babur. Tun daga ramin gawayin suke jansa a ƙasa, har mararrabar da ke gaban makaranta. Rigarsa ta ƙare a hanya, fatar bayansa ma haka. Da suka kwance shi ya yi ƙoƙarin zama, ya ɗaga hannu yana magana, wani ya sauke masa gora a baki. Daga nan ban iya bambance masu dukan ba. Gora, kulki, dutse, bayan adda. Mutanen da nake gaisawa da su kullum. Iyayen yaran da ke kwance a ƙasan ajina.

Na jawo Hafiza na cusa kanta cikin hijabina, na toshe mata kunne da tafukana. Amma ya kira wani suna da Fulatanci da ƙarfi, na ji jikinta ya sandare. Ta cije ni a ciki. Ban sake ta ba.

Malam Sama'ila ya fita, tsoho da shi, yana cewa ku ji tsoron Allah, ku kai shi hukuma. Dutse ya same shi a goshi ya zube, wasu suka ja shi gefe.

Sai aka gangaro da tayoyi daga rumfar mai faci. Sai jarka. Shuɗiya ce, da jan tsumma ɗaure a marfinta don tana yoyo. Ni na ɗaura tsumman da hannuna, cikin damina, daga tsohon zanina na yage shi. Wanda ya riƙo ta bai rufe fuska ba, bai yi sauri ba. A hankali ya zazzage ta har ƙasa.

Jumare yana kalmar shahada lokacin. Na ji ta sarai.

Hayaƙin ta tagar nan ya shigo mana. Yara suka yi ta amai, wasu suka yi fitsari a zaune. Rosaline na durƙushe tana addu'arta. Da ihun ya lafa, Lantana ta ja gefen zanina ta ce a hankali:

"Malama, shi ma kabon ne?"

Na mare ta. Tun da na fara koyarwa ban taɓa ɗaga wa ɗan kowa hannu ba. Na mare ta har ta faɗi kan benci.

Alhamis, bayan la'asar

Hafiza tana ɗakin Rosaline a gidajen malamai. Ta taga muka fitar da ita, cikin rigar Jessica 'yar Rosaline. An ƙone bukkokin su Hafiza, uwarta da ƙannenta sun shiga daji, ba wanda ya san inda suka nufa. 'Yan sanda sun zo bayan komai ya ƙare, suka kwashe abin da ya saura a buhu.

Jiya maigidan nawa ya shigo gida bayan magariba, ya daɗe a banɗaki. Ya ci tuwo, har ya nemi ƙari. Kayan da ya cire suna cikin bokiti a bayan ɗaki.

Juma'a, 24 ga Janairu, azahar

Ban wanke kayan ba. Tsakar gidan duk warin fetur. Inna ta ce wace irin ƙazanta ce wannan, na ce hannuna ke ciwo.

Liman ya yi huɗuba a kan alhakin jini, an ce sahun baya suka miƙe suka fice.

Asabar, 25 ga Janairu, hantsi

Na kai wa Hafiza fura a ɓoye cikin hijabi. Ba ta magana, ba ta kuka. Ta samu gawayi a murhun Rosaline, ta cika simintin ɗakin da zanen ƙwallaye da tsinkaye, sarƙa tun daga ƙofa har ƙarƙashin gado. Rosaline ta ce ta bar ta, gara wannan da zaman kallon bango. Na zauna kusa da ita, sai na ce wannan ƙwallon hannu uku kika ba shi. Ta ƙara masa ɗaya.

Cizon da ta yi mini ya kumbura. Na sa man zafi.

Lahadi, 26 ga Janairu, bayan azahar

Sun zo bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Ba mu san su wane ne ba, ba mu san daga ina ba. Harbi muka fara ji ta wajen fadama, irin wanda ba ya tsayawa, ba na bindigar toka ba. Na kwanta a kan Khairiyya a ƙarƙashin gado. Inna na salati a ɗakinta da ƙarfi.

Sun sa wa gonakin rake wuta daga gefe uku. Busasshen ganye ne, ya kama kamar an zuba mai, ƙarar fashewar kara kamar wani harbin. Sun ƙone injin, da tulin tukar rake, da rumfar kaskon dahuwa. Masu gadi biyu da ke kwana a wurin an yanka su. Bilya mai faci ya fito da gudu daga gidansa, suka harbe shi a ƙofa, suka sassara shi a gaban matarsa. Wata tsohuwa da ta je ɗebo ruwa har yanzu ba a gan ta ba.

Toka na ta sauka a tsakar gida, baƙa, sirara, tana narkewa a hannu. Garin duka warin ƙonannen sukari. Na yi amai a bakin rijiya.

Maigidan nawa ba abin da ya same shi. Ya fita da adda bayan sun tafi, ya dawo fuska duk baƙi.

Litinin, 27 ga Janairu, la'asar

Sojoji sun iso. Dokar hana fita daga magariba. Jana'iza uku.

Bokitin yana nan.

Talata, 28 ga Janairu, bayan la'asar

Wani ya tuna cewa Jumare yana da 'ya a makaranta, kuma ba a ga ta gudu da uwarta ba.

Samari sun je gidajen malamai da hantsi. Rosaline ta tura yaran biyu cikin buhunan masara, ta fito ta ja ƙofa ta tsaya da taɓarya. Ta ce ɗakinta ne, ita da 'yarta ne a ciki, wanda zai shiga sai ya taka gawarta. Ɗaya ya kai mata gora, ta tare da hannu, ƙashin ya karye. Ba ta matsa ba. Motar sojoji ce ta ɓullo suka watse.

Da azahar ya shigo ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce ba abin da za su yi wa yarinyar, so suke ta faɗi inda danginta suke. Na ce ban san inda take ba. Ya ce an ga ina kai fura. Na ce Rosaline nake kai wa. Ya kama hannuna ya murɗe ta baya har na durƙusa, ya sake tambaya. Na ce ban sani ba. Ya mare ni, kaina ya bugi ƙafar gado, kunnena ya ɗauki ƙara. Tun aurenmu ko tsawa mai ƙarfi bai taɓa yi mini ba.

Khairiyya tana kan gadon tana kallo, da guntun rake a hannu.

Na ce, "Baban Khairiyya, ni ma akwai sauran fetur ɗin?"

Ya sake ni. Ya fita.

Laraba, 29 ga Janairu, hantsi

Malam Sama'ila ya aiko matarsa, kansa har yanzu a naɗe. Ya samu labari ta wajen wani mai sayar da nono cewa uwar Hafiza tana wata ruga bayan Hunkuyi. Rosaline ba za ta iya kai mata yarinyar ba da karyayyen hannu, kuma kowa ya sa mata ido. Ni ce.

Na gaya wa Inna zan je asibiti a duba kunnena. Ta kalli fuskata ta kau da kai.

Alhamis, 30 ga Janairu, bayan magariba

Na kai ta.

Ta bayan makaranta muka bi, cikin ƙonannun gonaki, ƙafafunmu baƙi har idon sawu, muka fito titi nesa da gari. Na sa mata hijabina na ƙuruciya, na ce in an tambaya ita 'yar yayata ce, kuma kada ta buɗe baki ko an yi mata magana, harshenta zai tona ta. Muka samu bas mai zuwa Makarfi, daga can muka sake wata.

Kafin Hunkuyi akwai shingen samari, gungumen itace a titi. Suka leƙa suna duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wani dogon mutum fari da ke gaba, suka ce ya sauko. Ya ce shi tela ne, ɗan Kudan, ya fito da katinsa. Ba su duba ba. Gorar farko a gwiwa, ta biyu a baya. Direba ya ja mota. Ba wanda ya ce uffan a cikin bas ɗin, har da ni. Hafiza ta matse yatsuna har suka mutu.

Uwar ba ta amsa gaisuwata ba. Ta rungume 'yarta, ta shinshina kanta, sannan ta tambaye ni inda aka binne shi. Na ce hukuma ce ta tafi da shi. Ta ce a cikin me.

Da zan tafi Hafiza ta biyo ni har bakin shingen ruga. Tun ranar Larabar nan ban ji muryarta ba sai yau.

"Malama, hijabinki na ranar nan yana da huji. Na ga mai jarkar."

Na tsaya.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, Malama. Saboda ke."

Ta juya ta koma. Ban san yadda na kawo titi ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, azahar

Saboda ni.

Litinin, 3 ga Fabrairu, bayan la'asar

An buɗe makaranta da sojoji biyu a ƙofa. Yara ba su kai rabi ba. Mararraba an share ta, amma baƙin ya kama kwalta, wayoyin taya na nan a gefe, yara na zagaye wurin ta cikin kwata. Darasin da ke biye a tsarin zangon shi ne ƙonewa: abin da wuta ke bukata, da abin da take bari. Na rubuta kan darasin a allo, na juyo na ga idanunsu, na goge. Na ce kowa ya zana ganye. Na yi musu bayanin yadda ganye ke shan iskar da muka fitar ya mayar da ita sukari.

Na kira Lantana gaban aji na ba ta haƙuri. Na ce tambayarta daidai ce, ni ce ban kyauta ba. Ta ce ba komai Malama, amma ba ta yarda ta matso kusa da ni ba. Babanta yana cikin masu gora. Ta sani, na sani.

Rosaline ta nemi canji zuwa garinsu. Ta ce ba don hannun ba, don Jessica ce, ta daina barci.

Talata, 4 ga Fabrairu, magariba

An ce an kama wasu da baburin Auwal can wajen iyakar Kano, 'yan gari ne, ba Fulani ba, ba su taɓa jin sunan Jumare ba. Wasu sun ce ƙarya ce, sojoji ne suka shirya maganar. Ba wanda ya san gaskiya, ba wanda ke son sani.

Na same shi zaune a bayan ɗaki kusa da bokitin. Ruwan ya yi kore. Yana kuka, kukan da bai yi ba tun ranar Auwal, kafaɗunsa na girgiza. Ya ce in ya rufe ido hannun Auwal yake gani yana reto, shi ya ɗaure shi da ƙyalle kafin a sa likkafani. Na zauna a ƙasa kusa da shi. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na ɗora hannu a bayansa. Na ce to in ba Jumare ba ne fa? Ya share fuska da hannun riga.

"Ko ba shi ba ne, ai su ne."

Na janye hannuna.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan azahar

Masu bincike sun zo daga Makarfi, sun zauna a ofishin hedimasta. Mai unguwa ya ce baƙi ne suka yi, ba a san su ba. Masu shago sun ce sun rufe sun gudu. Malam Sama'ila ya ce tun da dutse ya same shi bai san inda yake ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ni suka tambaye ni, na ce ina tare da yara. Babban cikinsu ya dubi kumburin fuskata, ya ce in na tuna wani abu ofishinsu a buɗe yake.

Yarinyar da ba ta gama firamare ba za ta haɗiye wannan har ta tsufa, don kada gidana ya mutu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, la'asar, Ikara

Na kawo Khairiyya wurin Umma, mahaifiyata. Na gaya mata komai, ita ce mutum na farko da na faɗa wa da bakina. Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce in na faɗa wa hukuma, ba ni ba Rafin Marke, ba ni ba aikin can, kuma wata rana yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni wa ya kai ubanta. Na ce na sani. Ta ce Inna ta riga ta binne ɗa guda. Na ce na sani, Umma. Ba ta ce in je ba, ba ta ce kada in je ba. Ta tashi ta goge mini hijabi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na je ofishinsu a Makarfi. Sun bar ni a benci har aka sauko daga masallaci, sannan aka shigar da ni wurin babban mai binciken nan na ranar Laraba. Na faɗi babur da igiya, na faɗi masu gora waɗanda na gane, na faɗi tayoyi. Yana rubutawa bai ɗago ba. Ya ce wa ya zuba man.

Na faɗi sunan, da sunan uba.

Ya ajiye biro. Ya ce, "Malama, mene ne tsakaninki da shi?"

"Mijina ne. Uban 'yata."

Ya ce ko ina so in fita in sha iska in yi tunani. Na ce a'a. Ya ɗauki biron ya ce to in sake faɗa a hankali.

Na sake faɗa.